Ranar yaye ɗalibai: abin da Katsina ta koya mana

Kowace shekara, in damina ta kama, ƴaƴanmu na lise da kwaleji suna zaman jarrabawar birbe da ta bak. Wanda ya samu, gidansu sai guɗa da rabon goro. Murnar tana da dalili. Amma ya kamata mu tambayi kanmu: bayan biki, ina ɗalibin zai dosa?

Domin amsa tambayar nan, mu waiwayi maƙwabtanmu na Katsina, garin da Maraɗi ta haɗa asali da shi. A shekara ta 1921 Turawan Ingila suka kafa kwalejin horon malamai a can, cikin ginin ƙasa. Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Ana tattaro yara daga lardunan Arewacin Nijeriya, su yi shekara 5 suna karatu. Ɗaliban kaɗan ne, da yawansu ƴaƴan sarauta, kuma babu mace ko ɗaya. Wannan aibi ne na zamanin mulkin mallaka, ba abin koyi ba.

Abin koyi shi ne wurin da suka nufa bayan an yaye su. Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koma Sakkwato yana koyarwa a makarantar midil. Abubakar Imam ya gama a 1932, ya kama alli a midil ta Katsina, yana malami ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Bauchi, shi ma aji ya shiga. Firimiya, da babban edita, da Firayim Minista, dukansu da gogar allo suka fara.

Haka abin yake a wajenmu. Bubu Hama ya fito lakol William Ponty ta Senegal a 1929, ya dawo gida mushe. Diori Hamani, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1960, ya koyar a Yamai da Maraɗi.

An ɗauke kwalejin Katsina zuwa Kaduna a 1938, sa'an nan zuwa Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon ginin ya koma gidan tarihi. Amma ba ginin ya sa ake tuna ta ba, aikin ɗalibanta ne.

Ya ku samari da ƴan mata masu riƙe da sabuwar takarda, ku sani bashi ce a wuyanku. Harajin manomi da jangalin makiyayi suka gina ajin da kuka zauna. Kada kowa ya ce sai buro a Yamai. Ƙauyen da ya haife ku yana da yaran da ba su da malami, da manyan da ke son su iya karanta lambar sikeli ranar kasuwa.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, nauyinku biyu ne. Wanda aka tura karkara, a ba shi albashinsa kan lokaci. Sa'an nan kowace makaranta ta adana rajistar waɗanda ta yaye, da wurin da kowa ya yi aiki, kada gara ta cinye. Na baya za su duba, su ga wanda ya biya bashinsa.

Allah shi taimaki Nijar.