KWAƊAYI MABUƊIN WAHALA: HATTARA DA 'YAN NINKA KUƊI!

Ya ku 'yan uwa matasa! Duk sa'ad da talauci ya yi ƙamari, a lokacin ne kuraye ke fitowa da fatar akuya. A 2016, shekarar da tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe, MMM ta yi tashe da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. Wanda ya kafa ta, Sergei Mavrodi, ya riga ya talauta mutanen Rasha da wannan suna tun 1994. A Disambar 2016 aka rufe asusun jama'a. Shin mun ɗauki darasi? Ina!

Bayan cire tallafin fetur da sakin Naira a 2023, Dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a 2024. Sai ga CBEX da alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30. A Afrilun 2025 ta kife da dukiyar bayin Allah.

Wai me suke sayarwa? Ba gona, ba masana'anta, ba haja. Kuɗin wanda ya shiga yau ake biyan wanda ya shiga jiya. Ranar da sababbin shiga suka ƙare, ranar asiri ke tonuwa. Saboda haka kai da ka ce ka ci riba, jarin ɗan uwanka ka ci. In wannan ba cin dukiyar mutane da ɓarna ba ne, to mene ne?

Wani zai ce ai ajiye Naira ma asara ce. Gaskiya ne, amma gudun yayyafi ba ya sa a faɗa kogi. Annabi Yusuf (AS) tanadin hatsi ya yi wa shekaru bakwai na fari, ba caca ba.

To ɗan uwa, fara da biyan bashi. Ware abin cefanen 'yan watanni. Sauran ka sa a abin da idonka ke gani: kiwo, noma, ko sana'ar hannu. In za ka ba wani jari, a rubuta, a sa shaidu, a raba riba, in asara ta zo a ɗauke ta bisa ƙa'idar Shari'a. Kada ka zuba komai wuri guda. Wanda ya lamunce maka riba tabbas ba tare da ciniki ba, uwar kuɗinka yake so.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya tsare mu da haram, amin.