Nama Naka, Ƙashi Namu: Wa Ya Ba Da Izinin?

Akwai maganar da uba ke yi wa malami a ƙasar Sudan ranar da ya kai masa yaro: nama naka, ƙashi namu. Da Larabci aka fi jin ta, amma mu Hausawan Jazira da Sinnar da Nilul Azrak mun ara mun yafa. Ma'anarta a fili take: doke shi yadda ka ga dama, ka dai maido mana da ƙasusuwansa. Ana faɗinta da murmushi, a sha shayi, a shafa fatiha, uba ya kama hanyar gona. Ranar da aka maido yaron da karyayyen hannu, ko kunnen da ya daina ji, ko a cikin makara, sai uban ya ce ƙaddara ce, malamin ya ce tsautsayi ne, ɗan boko ya ce talauci ne. Babu wanda ke cewa "ni ne".

A watan Oktoba na 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da binciken ɗan jarida Fatahurrahman al-Hamdani, wanda shi kansa ya yi karatu a khalwa, wato makarantar allon Sudan. Wata 18 ya yi yana shiga khalwa 23 da ɓoyayyiyar kyamara. Ya ɗauko yara da mari a ƙafa, ya ɗauko ana tsula wa 'yan shekara biyar dorina. Wasu yara biyu 'yan shekara 14 an ɗaure su kwana biyar ba ci ba sha, an dake su har sun kusa mutuwa. Shekara guda kafin nan, a Satumba na 2019, 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa. Gabas da yamma, ciwon iri ɗaya ne, kuma a duka wuraren mafi yawan yaran iyayensu ne suka kai su da ƙafarsu.

Kada wani ya ce ina yaƙi da allo. Da allo kakanninmu suka iso ƙasar nan. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin kogi kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau, kuma wutar karatun dare ba ta mutu ba tun daga lokacin. Akwai alarammomin da suka yaye ɗaruruwan mahaddata ba su taɓa fasa wa yaro fata ba. Su ne ma hujjata a kan saura. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu fara da masu ƙaddara. Mun yi imani da ita, mai daɗi da mara daɗi. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma nuna wa mai tambaya cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. In ɓarawo ya kore maka akuya ba ka cewa ƙaddara ka koma ka kwanta. Kana bin sawu har ƙauye na uku. To me ya sa ɗanka ya fi akuya arha? Ƙaddara ta'aziyya ce ga wanda aka zalunta. Ranar da ta koma garkuwar wanda ya yi zaluncin, an yi wa addini ƙarya.

Sai masu cewa laifin tsari ne. Maganarsu tana da ƙafa, kuma ba zan rage mata komai ba. Tun da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925, guminmu ke cikin gonakin nan. Amma da yawa daga cikinmu har yau a kanabi suke, matsugunan leburorin gona, inda mutum zai haihu ya yi jika ba shi da takardar filin da ya kafa bukka. Kambo nawa ne ke da firamare? Uba yana hawashar wani daga asuba zuwa magariba, uwa tana tsinkar auduga. Sai a tara wa malami guda yara fiye da ƙarfinsa, ba albashi, kuɗin Laraba ma sai an ga dama. Shi kuma ya miƙa wa gardi bulala, gardin da jiya-jiya aka gama dukansa, ya ce kula mini da ƙolaye. A makarantar gwamnati ma, malamin da ya yi wata da watanni ba a biya shi ba yana tsaye gaban ajin da ya cika ya batse, da guntun tiyo a hannu. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai talaucin da ya kama malamin da ke ɗaure yaro, shi ne ya kama maƙwabcinsa da ba ya ɗaurewa. Rana ɗaya ke dukansu, tuwon dawa ɗaya suke ci. Tsari yana bayyana mana yadda mari ya shigo gari. Wanda ya je wurin maƙeri ya saya, ya tsuguna ya danna a ƙafar yaro, ya jefa makulli a aljihu, mutum ne mai suna da sunan uba. Shi za a tambaya, nan da gobe kiyama.

Kuma mun san wannan sarai, domin mun nuna mun sani. A watan Yuli na 2022, da rikici ya ɓarke a Nilul Azrak aka kashe mutum fiye da ɗari a Rusairis da kewaye, wa ya ce ƙaddara ce a yi shiru? Mun fito a Hartum da Kassala da Wad Madani muna neman a kama masu hannu a ciki. Da abin ya sake dawowa a Wad al-Mahi a Oktoba, aka rasa rayuka wajen ɗari biyu, masana sun yi bayanin rigimar ƙasa da ta sarauta, mun saurara, amma ba mu yarda bayanin ya wanke wanda ya cinna wa gida wuta ba. Daidai muka yi. To ina wannan muryar take in wanda aka zalunta ƙolo ne, wanda ya zalunce shi kuma namu ne mai rawani? Nan take dattawa za su taru, a yi sulhu, a ce kada a tona asirin malami, a ba uwar yaro haƙuri. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Masu cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su koma ga malaman mazhabarmu. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, Bamalike, fiye da shekara dubu da suka wuce ya rubuta littafi kan ladubban malamai. Ya taƙaita horo ga bulala uku, ya ce ba a ƙara sai da izinin uba, ba a wuce goma, ba a taɓa fuska ko kai, ba a duka cikin fushi. Ibn Khaldun kuma ya ware babi a Muƙaddima yana nuna cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da munafunci, ya kashe masa zuciya. Babu mari a wurinsu, babu yunwar kwana biyar. Tanƙwarawa daban, karyawa daban. Lura kuma da inda ɗan Sahnun ya ajiye makullin: a hannun uba. Ashe idan bera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ya ce nama naka, ya sa hannu a takardar da bai karanta ba.

Yau maganar ta fi jiya nauyi. Tun 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya rufe makarantu. A Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa aji. Wad Madani ta faɗi a Disamba, ƙauyukan Jazira suka ga abin da baki ba ya iya faɗi. Yaron da ya ga gawa a bakin hanya zai dawo gaban allo da firgici a ƙirji. In ya tarar da dorina tana jiransa, darasi guda za mu ƙarasa koya masa: mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Masu raba bindiga irin wannan ɗalibin suke nema.

Gina makarantu a kanabi da biyan malamai haƙƙinmu ne a kan gwamnati, mu ci gaba da nema da babbar murya. Amma akwai abin da ba ya jiran Hartum. Uba ya janye waccan magana a gaban shaidu, ya ce amana na kawo maka, nama da ƙashi duka nawa ne. Ya riƙa zuwa ba sanarwa, ya ɗaga rigar ɗansa ya duba bayansa. A karɓe bulala daga hannun gardi. Kwamitin masallaci ya yanka wa malami abin da zai riƙe gidansa, sannan ya tambaye shi yara nawa zai iya riƙewa. In aka ga mari, ko aka ji wa yaro rauni, a wuce zauren sulhu a kai magana sashen 'yan sanda na kare iyali da yara. Dokar yara ta 2010 don haka aka yi ta.

Ya kai uba, malam bai shigo gidanka ya ɗauki yaron nan ba. Kai ka riƙe hannunsa ka kai shi. Wannan makon ka je ka duba shi.