Darasin Addini a Makarantunmu

Akwai maganar da muke so malaman makaranta da akawuna su duba da idon basira, watau koyar da addini inda 'ya'yan Musulmi da na Kirista suke zaune aji ɗaya, kamar a Zariya da Jos.

Doka dai ta riga ta yanke. Bayan rahoton Hukumar Willink na 1958, an rubuta cikin tsarin mulkin 1960 cewa ba za a tilasta wa yaro karatun addinin da ba nasa ba, na 1999 kuma ya riƙe wannan. To, amma kiyaye dokar yana hannun malami.

Abin da ke ɓata al'amari shi ne, sa'ad da lokacin darasin ya yi, sai a kori marasa rinjaye waje su yi ta gararamba cikin rana. Yaron da aka yi wa haka zai tashi yana ganin kansa bare a garin ubansa.

Shawararmu ita ce, hedimasta ya sa darussan biyu a sa'a ɗaya, kowanne da ɗakinsa da malamin da iyaye suka amince da shi. Kowane malami ya koyar da nasa sosai, kada ya aibata na wani. A kuma ba yara duka labarin Najjashi, Sarkin Habasha, wanda yana Kirista ya ba Sahabbai mafaka wajen shekarar 615, gama abin da aka shuka shi ke tsira.

Allah ya ba mu zama lafiya, amin.