Wasiƙa ga Ma'aikatan Lafiya: Ku Nemi Abin da Ya Buɗa Zuciyar

Ya ku likitoci, malaman jinya da jami'an lafiya na karkara,

Idan kun ɗora yatsu a wuyan hannun majinyaci kuka ji bugun ba tsari, wani da ƙarfi, wani da ƙyar ake jin sa, kada ku tsaya ga maganin rage gudun zuciya. Sau da yawa tushen matsalar yana ɗakin sama na hagu na zuciya. Bangonsa siriri ne. Idan jini ya yi masa yawa, saboda hawan jini da aka yi wa sakaci, ko don ƙofarsa ta tsuke bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, sai ya buɗe. Tsokar da ta daɗe a miƙe takan yi tabo, saƙon lantarki ya riƙa kewaya tabon yana komowa, ɗakin ya daina matsawa ya koma karkarwa. Binciken Framingham na Amurka ya nuna a 1994 cewa duk ƙarin milimita 5 a faɗin ɗakin yana ƙara haɗarin karkarwar da kashi 39 cikin 100. Jinin da ya kwanta a ciki kuwa yakan daskare, shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki ke ninkawa kusan sau 5.

Wani zai ce ai karkarwar ce ke buɗa ɗakin. Gaskiya ne, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. A 1995, masu bincike a Maastricht ta ƙasar Holan sun nuna a zukatan awaki cewa gwargwadon daɗewar karkarwa, gwargwadon yadda take kafuwa. Wannan hujja ce ta gaggawa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani kuma zai ce asibitinsu ba na'urar hoton zuciya. To, akwai ido da kunne da abin awon jini. Ku dubi jijiyar wuya ko ta cika, ku danna ƙauri ku ga ko yatsa ya bar rami, ku saurari ƙirji. Mai jego da ke haki idan ta kwanta, a tura ta babban asibiti ranar nan. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a duba ko yana buƙatar penisilin. Mai hawan jini ya rage gishiri da kanwa, ya riƙe maganinsa. Wanda ƙofar ɗakin zuciyarsa ta tsuke yana kuma karkarwa, wafarin ne maganin da zai hana jininsa daskarewa.

Ku rage wa ɗakin nauyi tun bai yi tabo ba.