Kwana Ba Wurin Nuna Gwaninta Ba Ne

Duk mai bin hanyoyin da suka haɗa Fassi da Kibiya da Rano ya san irin tuƙin da samarinmu ke yi wa kirari: a shiga kwana a guje, a yanke ta, a fito babur na kwance. Mu dai ba mu ga gwaninta a nan ba. Mun gaji da zuwa dubiya asibiti, wani da karaya, wani ma ba a kai shi can ba.

Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama. Ke nan wanda ya yanke kwanar da ta yi hagu ya bar hannunsa ya shiga na mai tahowa. Da rani yana iya hango shi. Amma daga watan Satumba zuwa kaka, sa'ad da dawa ta fi mutum tsawo har bakin hanya, ba ya ganin komai. Ko mota ce, ko amalanke, ko garken shanu, sai dai su yi kiciɓis.

Aikin kwana ana gama shi ne kafin a shige ta. A rage gudu babur yana miƙe, a sauko da giya, a ɗaga kai a dubi mafita, gama inda ido ya kafe nan babur yake nufa. In kwanar ta yi hagu, a riƙe dama sosai; in ta yi dama, a ɗan matso daga gefe don a hango gaba, ba tare da an bar hannu ba. Sai hanya ta buɗe a ƙara mai a hankali. Wanda ya ninka gudunsa sau biyu, riƙon da yake nema daga taya ya ninka sau huɗu, tayar kuwa sau da yawa ta suɗe. Ga kuma yashin da ruwan sama ke tarawa a kwana: matse birkin gaba a kansa babur na karkace, faɗuwa ce.

Ranar kasuwa abin ya fi muni. Buhun masara a baya, mutum biyu a kai, fasinja kuma yana jin babur ya karkata sai ya miƙe don tsoro, ya ɓata wa direba hanya. Kamata ya yi ya bi jikin direba.

An tilasta sa hular kwano a 2009, yau sai an tona kafin a ga mai ita a ƙauyukanmu. Muna roƙon shugabannin 'yan acaɓa na Rano da Kibiya, kafin su karɓi sabon yaro, su kai shi filin makaranta, su jera duwatsu, su ga yadda yake shan kwana da kaya a bayansa.