Tarihi ya ci amanar gimbiyoyin Sifen

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin Sifen na zamanin tsakiya zai tarar da sarakuna maza a jere, matan gidan sarauta kuwa sai a gefe: 'yar wane, matar wane, uwar wane. Marubutan da suka ce sun tausaya musu sun ƙara dagula lamarin, domin sun mayar da su tamkar kayan musaya da ake miƙawa a sayi zaman lafiya. A ganina, wannan tausayin ma wata hanya ce ta ƙwace musu aikinsu.

Ba na musun cewa an yi cinikinsu. Fetronila ta Aragon tana da shekara ɗaya kacal a 1137 aka ba da ita ga Ramon Berenguer IV na Barselona, wanda ya haura shekara 20. Wannan zalunci ne, kowace riga aka sa masa. Amma wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin shafi.

A dubi Urraka. An kashe ɗan'uwanta Sanco a yaƙin Ukles a 1108, mahaifinta Alfonso VI ya rasu a 1109, sai gadon Liyon da Kastil ya faɗo hannunta. An aurar da ita ga Alfonso I na Aragon don a samu namijin da zai riƙe ƙasa. Auren ya rikiɗe ya zama yaƙi, ta ƙi sakin mulki, ta riƙe shi shekara 17 har rasuwarta a 1126. Duk da haka, an daɗe ana tuna ta da zancen masoyanta fiye da yadda ta hana masarautar wargajewa.

Ta Berengela ta fi ciwo. Fafaroma Innocent III ya raba aurenta da Alfonso IX na Liyon a 1204 saboda kusancin jini. A 1217 ta gaji sarautar Kastil, ta ɗora ɗanta Farnando III, ta kare shi daga mahaifinsa da ya kawo hari. Da tsohon mijin ya rasu a 1230, ya bar Liyon ga 'ya'yansa mata biyu, Sanca da Dulse, sai Berengela ta zauna da mahaifiyarsu, Teresa ta Fotugal. Mata biyu da suka taɓa auren mutum ɗaya suka sasanta abin da zai iya cin dubban rayuka. Yarjejeniyar Benabente ta ba 'yan matan kuɗin shiga na shekara-shekara, Farnando ya karɓi Liyon, masarautun biyu ba su sake rabuwa ba. Lokacin da ya tafi ya ci Kurɗuba a 1236, ita ke gida tana tafiyar da mulki, tana aika masa dakaru da guzuri. Coci ta ayyana shi waliyyi a 1671. Ita kuwa sunanta "uwar sarki".

Wani zai ce mulkin bayan labule ba mulki ba ne. To, wane labule? Takardun fadar Farnando kansu suna ambaton amincewar Sarauniya Berengela. Magatakardan ƙarni na 13 sun san wa ke yanke shawara. Na baya ne suka rufe ido.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan littafi ya ce maka sarki kaza ya haɗa kan ƙasa, ka tambayi wa ya zauna aka yi sulhun.