Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Abin Da Yaranmu Za Su Ɗauka Daga Motocin Tseren Amurka

Makon jiya bayan an tashi daga makaranta, na tarar da yara huɗu 'yan ajina sun haɗa kai a kan waya ɗaya a gindin mangwaro, suna ta ihu. Na ce su ba ni in gani. Bidiyo ne daga Amurka. Wata tsohuwar mota ce, fentinta ya koɗe, tayoyinta sirara, kai ka ce ta wani dattijo ce mai zuwa cefane. A gefenta ga wata sabuwa dal mai tsadar gaske. Fitila na nuna kore, tsohuwar ta ɗaga hanci ta yi gaba, kafin ka ce kwabo ta bar sabuwar a baya. Ɗaya daga cikin yaran ya dube ni ya ce, "Malam, wallahi in na gama makaranta irin wannan zan haɗa, in riƙa ba masu manyan motoci kunya a titi."

Rabin farko na maganarsa ya faranta mini rai. Rabi na biyu kuwa shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina a taƙaice shi ne, a wannan sana'a ta Amurkawa akwai abin koyi mai yawa, amma yana cikin injin da kuma dokar filin tsere. Gudun titi da ke burge yaranmu, masu abin da kansu sun daɗe da gane cewa hanyar kabari ce.

Irin wannan mota Amurkawa na ce mata "mai barci", wato a ido kamar ba ta iya komai. Asalinta ma ba abin alfahari ba ne. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da barasa a Amurka, bayan an ɗage haramcin kuma masu dafa ta a ɓoye a tsaunukan kudu suka ci gaba don gudun haraji. Masu yi musu dako suna buƙatar motar da ta fi ta 'yan sanda gudu, amma wadda ba za ta ja ido ba. Sai su ƙara wa inji ƙarfi, su sa sifirin mai tauri don kada bayan motar ya zauna a gane ta ɗauko kaya, su bar jiki yadda yake. Wasu daga cikin direbobin nan su ne suka shiga gasar NASCAR da aka kafa a 1948. Junior Johnson, wanda ya ci tsere 50 a gasar, sai da ya yi zaman gidan yari kan harkar barasa.

Zamanin motoci masu ƙwanji ya kankama ne a 1964, lokacin da Pontiac ta fitar da GTO. Kamfanin General Motors yana da dokar cikin gida cewa kada a sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce lita 5.4. John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye dokar, suka cusa inji mai fulogi takwas, lita 6.4, a cikin motar Tempest, suka ce ai ƙari ne da mai saye ke zaɓa. Matasa suka yi rububinta, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 1966 mutum na iya sayen Chevrolet Biscayne, motar da aka fi sani da aikin tasi da na 'yan sanda, ba ado ba komai, amma da inji lita 7 mai ƙarfin doki 425. A 1968 Plymouth ta fitar da Road Runner, ita ma an rage mata ƙyale-ƙyale an zuba kuɗin a inji. Da kamfanonin inshora suka fara tsawwala wa masu sanannun motocin gudu, sai mota mai kamannin talaka ta ƙara daraja. Dokar tsaftace iska ta 1970 da tsadar fetur ta 1973 suka rufe wannan babi. Motocin da suka rage su ne yau ake tonowa daga rumbuna ana gyarawa.

To, ga inda nake so mai karatu ya tsaya. A yau akwai wani rukunin tsere a Amurka da ake kira FAST a taƙaice, ma'anarsa mota mai kamannin yadda ta fito daga kamfani, a kan tayar kamfani. Dokarsa mai tsauri ce. In an buɗe bonet, dole injin ya yi kama da na asali: kafireto irin na wancan zamani, bututun hayaƙi na ƙarfen zubi irin na kamfani, kujeru da gilasai duk suna nan. Taya kuma irin ta da, mai faɗin kusan taƙi guda. Abin da aka bar wa makanike shi ne cikin injin, inda ido ba ya kaiwa.

A nan gwaninta take. Zai canza karanshaf da mai dogon zagaye don fistin ya ƙara nisan hawa da sauka, injin ya riƙa shaƙar iska da mai fiye da da. Zai zauna kwana da kwanaki yana goge hanyoyin iska na kan inji da ɗan ƙaramin dutse, yana aunawa, don iska ta wuce ba tare da cikas ba. Zai zaɓi kamshaf da ke buɗe bawul a daidai lokacin da ake so. Zai canza haƙoran giyar baya. Bayan duk wannan sai babbar matsala ta taso: ƙarfi ya yi yawa, taya siririya. In direba ya taka mai gaba ɗaya, tayar za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi, abokin karawa ya wuce. Don haka sai an daidaita shokazoba yadda nauyin motar zai koma baya lokacin tashi, a rage iskar taya kaɗan-kaɗan ana gwadawa ana rubutawa, direba kuma ya koyi taka mai a hankali kamar mai taka ƙwai.

Tsawon filin rubu'in mil ne, mita 402. A zamaninsu, galibin motocin nan suna cinye shi a sakan 13 zuwa 14. Yau a wannan rukuni akwai masu yi a ƙasa da sakan 11, wasu ƙalilan ma sun sauka ƙasa da 10, suna ƙetare layi da gudun fiye da kilomita 200 a awa. Jiki ɗaya, taya ɗaya, bambancin duka lissafi ne da haƙuri. Wannan fa shi ne abin da nake faɗa wa yara a aji kullum suna hamma. Girman silinda lissafin da'ira ne. Haƙoran giya darasin kaso ne. Ba wanda zai haɗa irin wannan inji bai iya karanta ma'auni ba. Yaron da ya ce zai bar makaranta don ya tafi gareji, ya sani garejin ma lissafi zai tarar yana jiransa.

Ku kwatanta da abin da muke gani a unguwanninmu. Yaro ya samu babur, abu na farko shi ne ya fasa salansa. Ya manna sitika, ya sa fitilu masu launi, ya cire madubi. Ƙara ta cika unguwa, marasa lafiya da jarirai ba barci, amma inji bai ƙaru da komai ba, sau da yawa ma raguwa yake yi. Ba'amurken da ya haɗa mai barci ya ɓoye ƙarfi ya bar jiki shiru. Namu ya tara hayaniya, ciki fanko. Hausawa sun gama magana: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yanzu maganar titi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samarin Kalifoniya sun mai da titunan gari filin tsere, ana mutuwa, jaridu na zaginsu, 'yan sanda na farautarsu. Ba hukuma ce ta fara kawo gyara ba, daga cikinsu aka samu masu hankali. A 1950 aka fara shirya tsere a wani filin jirgin sama a Santa Ana. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA da niyyar kwashe tsere daga titi zuwa killataccen fili. Ƙungiyar ta riƙa tura tawaga gari-gari tana zama da 'yan sanda da shugabanni, tana koya wa matasa yadda ake shirya gasa.

A irin wannan fili, kafin mota ta hau layi sai an duba ta. Gwargwadon gudunta, gwargwadon abin da za a nema: hular kwano, bel mai ƙarfi, ƙarafunan kariya a cikin mota. Akwai katanga tsakanin motoci da 'yan kallo, akwai motar asibiti da 'yan kwana-kwana, bayan layin ƙarshe kuma akwai doguwar hanya ta tsayawa. Duk da haka ana rasa rai. A 2008 direba Scott Kalitta ya mutu a gasa, sai ƙungiyar ta rage tsawon tseren motocin da suka fi kowa gudu zuwa ƙafa 1,000, wajen mita 305. In masu katanga da likita sun ga dole su rage, ina ga wanda ke yi a titin da yara ke tsallakawa zuwa makarantar allo?

Lissafin ba shi da wuya. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a sakan ɗaya, wato kafin ƙafarsa ta kai birki ya wuce gidaje biyu. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'a. Ni ba a takarda kawai na san wannan ba. Wani tsohon ɗalibina, yaro mai hannu, wanda tun yana aji yake gyara wa malamai fanka da rediyo, ya yi tseren babur da abokinsa da daddare ranar Sallah. Wata akuya ce ta shigo hanya. Yau da sanda yake tafiya, ba ya iya durƙusawa a ƙarƙashin mota, sana'ar da yake so ta fi ƙarfinsa. Duk lokacin da na gamu da mahaifiyarsa sai na rasa abin faɗa.

Na san wani zai ce, Malam, wannan ai wasan masu kuɗi ne, mu da ke fama da kuɗin makaranta ina ruwanmu? Gaskiya ne, kuɗin da ake narkarwa a inji ɗaya zai gina ɗaki, kuma ban ce kowa ya kwaikwayi wannan ba. Amma bidiyon ya riga ya shigo wayar 'ya'yanmu, ko mun so ko mun ƙi. Motocin Amurka na hannu kuma suna sauka a tashar Tema, da yawa masu fulogi shida da takwas, kuma a hannun fitocinmu suke ƙarewa. Wanda ya taɓa shiga Magazin ta Suame a Kumasi ya san akwai masu hannun da ba su gaza na ko'ina ba, 'yan zango da yawa a cikinsu. Yaron da ya fahimci yadda inji ke shaƙar iska, shi ne zai gyara motar haya ta rage shan mai, kuma shi mutane za su yi wa layi.

Wani kuma zai ce ai abin duka yaudara ne. A titi, haka ne. Can ana ɓoye ƙarfin mota ne don a ja wani ya sa kuɗi a cinye shi, caca ce da zamba a haɗe. A fili kuwa kowa ya san dokar, kowa ya san motar kowa ba yadda take a ido take ba, alƙalai kuma na da ikon dubawa. Ba wanda aka cuta. Wannan bambanci ya kamata yaranmu su riƙe har a sana'a: in ka taɓa cikin inji, ka gaya wa mai mota, ka gaya wa mai saye.

Don haka ina kira ga iyaye, in kun ga yaro na son inji kada ku kashe masa gwiwa, ku kai shi wurin maigidan kirki, amma ku ce sai ya haɗa da karatu. Masu gareji, ku ne yaran nan ke jin maganarku fiye da mu malamai. Kada ku fasa wa yaro salansa don ya biya ku, kuma duk wanda ya zo neman ƙarin gudu ku fara duba masa birki da taya. Shugabannin matasa da sarakunan zango, tseren dare da wasan babur a ranar biki da Sallah ba sai an jira 'yan sanda ba, mun san yaran, mun san gidajensu. In da gaske akwai masu son gasa, a nemi hukuma a yi maganar killataccen wuri da doka da hular kwano, kamar yadda Wally Parks ya yi shekara 70 da wani abu da suka wuce.

Shi kuwa ɗalibin nawa, washegari na shigo aji da tsohon fistin da na aro a gareji. Na ba shi ma'auni na ce ya auna faɗinsa, ya lissafa mini girman silindar. Sau biyu yana kuskure, a na uku ya samu. Na ce masa to, ka fara haɗa motarka ke nan. Allah Ya tsare mana su, Ya sa su girma da ƙafafunsu.